Agogon Taylor da Injinan Shinkafar Tudun Wada: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Mai karatu, ka ƙaddara an ce maka wani ɗan dako a Kwanar Dangora ya loda wa mota buhu 480, kowanne mai kilo 100, shi kaɗai, daga safe zuwa yamma. Gobe ya sake, jibi ma haka. Na san abin da za ka ce: wannan ai zuƙi-ta-malle ce. To, kusan wannan nauyin ne wani littafi da ya fito a Amurka a 1911 ya ce wani lebura yana ɗagawa kullum. Kuma a kan wannan labarin aka gina fanni guda na ilimin masana'antu, wanda har yau ake koyar da shi a jami'o'i da kwalejojin fasaha.

Sunan littafin The Principles of Scientific Management, wato ƙa'idojin tafiyar da aiki a kimiyyance. Marubucinsa injiniya ne, Frederick Winslow Taylor. Fannin da ya haifar kuwa shi ne awon lokacin aiki: a riƙe agogo, a ga minti nawa kowane mataki na aiki yake ci, sannan a nemi yadda za a rage. Yau za mu ɗora wannan littafi a kan sikeli, sannan mu ɗauko shi mu kai kudancin Kano, mu ga ko zai tsinana wa mai injin gyaran shinkafa wani abu. Hukuncina, tun kafin mu yi nisa, shi ne: awo abu ne mai kyau, amma Taylor ya saita agogonsa ne a kan hannun lebura, mu kuwa a wurarenmu yawancin lokacin da ke salwanta a zaman jira yake salwanta.

Me Taylor ya zo da shi?

An haifi Taylor a 1856 a birnin Filadelfiya, ɗan masu hali ne, mahaifinsa lauya. Maimakon ya zarce jami'a sai ya shiga koyon aikin ƙarfe. A 1878 ya kama aiki a kamfanin ƙarfe na Midvale, ya faro daga ƙasa har ya zama babban injiniya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda ma'aikata ke jan ƙafa da gangan. Kuma ya san dalili, don ya zauna a cikinsu. In kuɗin yini ake biyan mutum, sauri ba ya ƙara masa ko kwabo. In kuma a kan adadin abin da ya yi ake biyansa, da zarar an ga yana samu da yawa sai masu kamfani su zabge farashin. Saboda haka ma'aikata suka haɗe kai, kowa ya tsaya a wani gwargwado, kada wani ya tona asirin wani.

Maganin da Taylor ya kawo shi ne a daina cinikin baki, a koma awo. A yanka aiki gunduwa-gunduwa: sunkuyawa, ɗauka, tafiya, ajiyewa, dawowa. A auna kowanne da agogon awo, irin wanda ake dannawa ya tashi a danna ya tsaya, wanda yanzu yake cikin kowace wayar hannu. A zubar da motsin da ba shi da amfani, a ƙara ɗan lokacin hutu, abin da ya fito shi ne ƙayyadadden lokacin wannan aiki. Wanda ya cika adadin yini a ƙara masa kuɗi, wanda ya gaza a rage masa ko a canza shi. Sannan tunanin yadda za a yi aiki ya koma ofis gaba ɗaya. Lebura nasa bin umarni ne kawai.

A ba shi haƙƙinsa

Kafin suka, bari mu faɗi gaskiya: akwai abin yabo a nan. A kamfanin ƙarfe na Bethlehem, inda ya yi aiki daga 1898 zuwa 1901, Taylor ya tarar kowane lebura da shebur ɗinsa yake zuwa, da shi yake kwasar garin kwal mara nauyi, da shi kuma yake kwasar tama mai nauyin tsiya. Aka gwada aka gano cewa mutum ya fi kwasar kaya da yawa a yini in kowace ɗiba ta kai kimanin kilo 9 da rabi. Sai kamfani ya tanadi shebur iri-iri, babba don kaya mara nauyi, ƙarami don mai nauyi. Wannan dabara ce mai ma'ana, kuma kayan aiki aka gyara, ba mutum aka matsa wa ba.

Haka ma Frank Gilbreth da matarsa Lillian, waɗanda suka zo a zamani ɗaya da shi. Frank birkila ne tun asali. Ya lura magini yana sunkuyawa har ƙasa a kan kowane bulo guda, sai ya ƙera dandamali da ake ɗagawa yadda gini ke tashi, bulo da kwaɓi suna daidai ƙugun mutum. Motsin aza bulo ɗaya ya sauko daga 18 zuwa 5, adadin jan bulon da mutum ke azawa a awa ya tashi daga 120 zuwa 350. Duk wanda ya taɓa yini yana sunkuyo zai gane darajar wannan.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: babbar nasarar Taylor ta gaske ba a kan mutane ya same ta ba. Shi da abokin aikinsa Maunsel White sun gano yadda ake ƙona ƙarfen yanka ya riƙe kaifinsa ko ya yi jajir da zafi, abin da ya ba injinan yankan ƙarfe damar ninka saurinsu, aka kuma baje kolinsa a Paris a 1900. Tun a 1893 ma ya rubuta maƙala guda a kan bel ɗin inji, yadda ake ɗaure shi da kula da shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin tan 47 da rabi

Yanzu ga labarin da ya sayar da littafin. A 1899 kamfanin Bethlehem yana da tarin curin ƙarfe a fili, kowane curi kimanin kilo 42. Lebura zai ɗauka, ya hau katako, ya jefa a taragon jirgin ƙasa. Taylor ya ce ya tarar kowane mutum yana loda tan 12 da rabi a yini, binciken kimiyya kuma ya nuna masa cewa tan 47 ya kamata. Ya zaɓi wani lebura da ya laƙaba wa suna Schmidt, ya sa mutum da agogo yana ce masa ɗauka, tafi, zauna ka huta, har ya kai tan 47 da rabi, wato curi 1,156 a yini. Albashinsa ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85.

Labari ne mai daɗi, amma ina kimiyyar take? A 1974 wasu masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka bi diddigin takardun wancan lokaci, har da rahoton mutanen da suka yi awon da hannunsu, James Gillespie da Hartley Wolle. Ga yadda aka samo adadin. An zaɓi majiya ƙarfi goma aka ce su yi iya saurinsu. Suka loda tan 16 da rabi cikin kimanin minti 14. Sai aka buga lissafi: in mutum ya ci gaba da wannan gudun na awa 10, zai haura tan 70. Aka cike shi zuwa 75, aka cire kashi 40 cikin 100 a matsayin hutu da tsaiko, aka ce abin da ya rage shi ne aikin yini. Babu wani gwaji da ya nuna me ya sa 40, me ya sa ba 50 ko 60 ba.

Ka ga matsalar? Kamar ka auna gudun yaron da kare ya biyo na minti ɗaya ne, ka ce da wannan gudun zai je Zariya daga Kwanar Dangora, ka ɗan rage masa wani abu don shan ruwa. Awon minti 14 ba ya gaya maka abin da jiki zai jure a awa 10, balle a shekara 10. Taylor da kansa ya rubuta cewa a cikin leburori 75, mutum ɗaya cikin takwas ne kawai ya iya cika adadin. To ma'aunin da mutum bakwai cikin takwas suka kasa, ma'aunin aiki ne ko rariyar tace mutane?

Wannan shi ne babban raunin littafin. Agogo yana ba ka lamba ta gaskiya, amma wa za a auna, yaushe za a auna, hutu nawa za a ƙara, duk hukuncin mutum ne. Taylor ya lulluɓe hukuncinsa da rigar kimiyya, ta yadda wanda ya yi gardama zai zama kamar da lissafi yake gardama.

Kura da shan bugu

Sai batun rabo. Aikin Schmidt ya ninka kusan sau huɗu, kuɗinsa ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Ragowar ina ta tafi? A aikin shebur ma, leburorin filin sun ragu daga tsakanin 400 da 600 zuwa kimanin 140. Littafin ya kawo wannan a matsayin nasara, kuma nasara ce ga mai kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bugu da ƙari, Taylor ya kwatanta mutumin da ya dace da ɗaukar ƙarfe da sa, wai tsabar rashin basirarsa ba zai iya fahimtar ilimin aikinsa ba. Wanda ya fara da wannan zato ba zai taɓa tambayar lebura ina matsala take ba.

Ma'aikata ba su yi shiru ba. A watan Agustan 1911, a masana'antar ƙera makamai ta gwamnati da ke Watertown kusa da Boston, wani almajirin Taylor ya auna wani aikin zubin ƙarfe ya ce minti 24 ya isa. Wani ma'aikaci da ya auna a ɓoye da nasa agogon ya samu kimanin minti 50. Washegari wani ya ƙi yarda a tsaya masa a ka da agogo, aka kore shi, sauran suka ajiye aiki. Magana ta kai Majalisar Dokokin Amurka, Taylor ya je ya ba da bahasi a farkon 1912, kuma a 1915, shekarar da ya rasu, majalisa ta hana kashe kuɗin soja a kan awon ma'aikata da agogo. Hanin bai tashi ba sai 1949. Rigimar ma ba ta mutu ba: a 2021 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa manyan rumbunan ajiyar kaya, irin na Amazon, su bayyana wa ma'aikaci adadin da ake nema a wurinsa, kuma kada adadin ya hana shi cin abinci ko zagayawa. Agogon ya koma cikin kwamfuta ne kawai.

Mu dawo gida

In ka baro Kano ta hanyar Zariya, ka wuce Kura da Kadawa da Ciromawa, ka iso Kwanar Dangora, ka karya ka nufi hanyar Falgore da Doguwa, za ka ratsa Tudun Wada, ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a jihar wajen hada-hadar shinkafa. Masana'antar wannan yanki ba mai doguwar katanga da mai gadi ba ce. Sarƙa ce ta ƙananan sana'o'i: mai sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, mata masu gumi da ke jiƙa ta su turara, masu shanya, mai inji, masu bakace da tsintar tsakuwa, masu awo da ɗinki, sai 'yan dako.

Tambaya ta farko: cutar da Taylor ya zo warkarwa, akwai ta a nan? Shi damuwarsa mai kuɗin yini da ke jan ƙafa. Mu kuwa tun kaka da kakanni mun san jinga. Ɗan dako a kan buhu ake biyansa, mai gumi a kan buhu, mai inji ma a kan buhu yake karɓa. Wanda ake biya a kan buhu ba ya buƙatar a tsaya masa da agogo, cikinsa ne agogonsa. Je ka ga yadda ake rige-rigen sauke mota ranar kasuwa, sannan ka zo ka ce min gudu ne ya yi ƙaranci.

To in haka ne, ina lokacin yake tafiya? Wuta ta ɗauke, ko man dizal ya ƙare an tafi saye. Bel ya tsinke. Tsakuwar da aka kwaso a wurin shanya ta yaga ragar inji, sai an nemo wata. Hadari ya taso, shinkafa ba ta bushe ba. Mota ba ta iso ba. Yau cunkoso har ana faɗa a kan layi, gobe inji na zaune ba kowa. A duk waɗannan, lebura yana zaune ne a kan buhu yana jira.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Tunda a kan buhu ake biya, zaman jiran nan ba ya fitowa a littafin mai inji. Bai biya kowa kuɗin awa ukun da aka yi ana neman makanike ba, don haka bai ji zafinsu a aljihu nan take ba, don haka ba ya ƙirga su. Wanda ya biya kuɗin jiran shi ne leburan da ya koma gida da rabin abin da ya sa rai. Asara ce babba wadda tsarin biyan ya ɓoye ta. Duk wanda ya karanta Taylor ya zo nan ya ɗora agogo a kan yaron da ke juye buhu, ya bar jaki yana dukan taiki.

Bari mu buga misali, lambobin na ƙaddarawa ne don a ga yadda lissafin yake. Inji yana gyara buhu 5 a awa, ana buɗewa awa 10, amma in aka tara lokacin da yake juyawa da gaske awa 4 ne, wato buhu 20 a yini. A kowace awa ta aiki, minti 6 na tafiya wajen juye buhu da canza wani. Ka matsa wa yaro ya rage shi zuwa minti 3. Me ka samu? Minti 12 a yini, buhu 1 kenan. Yanzu bar yaron ya sarara, ka ajiye bel da raga na ko-ta-kwana, ka sayi mai tun daren jiya, ka ceto awa 1 daga cikin shidan da ke zubewa. Ka samu buhu 5, kuma ba wanda ya ƙara zufa. Ka tuna maƙalar Taylor a kan bel? Wannan ɓangaren nasa ne ya fi dacewa da mu, shi ne kuma littafin bai yi wa talla ba.

Sauri ya haifi nawa

Akwai ma matakan da sauri ke ɓatawa. Shinkafar da aka turara tana buƙatar ta bushe har danshinta ya sauko kusan kashi 14 cikin 100 kafin ta shiga inji. In aka baza ta a rana mai ƙuna don a gama da wuri, bayan ƙwayar yana bushewa cikinta na jiƙe, sai ta tsattsage ta ciki inda ido ba ya gani. Tana shiga inji sai ta karye, karyayyar shinkafa kuwa kowa ya san farashinta. Shi ya sa masana ke cewa a busar a hankali, a tara ta a inuwa ta huta danshin ya daidaita, sannan a ƙarasa. Mai agogo zai rubuta wannan hutun a matsayin ɓata lokaci, alhali a nan ribar take.

Nau'in inji ma haka. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, ta nuna cewa tsohon inji mai sandar ƙarfe, ƙirar Engelberg, wanda ke cire ɓuntu da goge ƙwaya a zubi ɗaya, yana fitar da kilo 53 zuwa 55 ne daga kilo 100 na shanshera, yayin da na zamani mai rolar roba da matakai daban-daban ke fitar da 65 zuwa 70. Bambancin kilo 10 a kowane kilo 100 kenan ko fiye. A buhu 20 na misalinmu, kilo 200 ne kullum ke bin dusa da ɓuntu. Babu gudun lebura da zai dawo da wannan.

Darasin Kadawa

Kada ka ce wannan matsalar ƙananan injina ce kawai. A Kadawa, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, a tsakiyar filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga ta Bebeji, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a watan Maris na 2016, mai iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a yini. Kwatanta: tirela 40 masu ɗaukar tan 30, kullum. Cikin 'yan watanni aka dakatar da aiki, bayan tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki. Ga kuma saɓanin farashi, don in tumatir ya yi tsada a kasuwa manomi can zai kai. An sake buɗewa a 2019, amma shugabannin kamfanin sun sha gaya wa 'yan jarida cewa abin da ke iso musu bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na abin da injin ke buƙata ba.

A ce ka shiga wannan masana'anta da agogo, ka rage wa kowane ma'aikaci rabin lokacinsa. Gwangwani nawa ka ƙara? Ko ɗaya, tunda tumatir ɗin ne babu. Manomin Kadawa ya riga ya san wannan ƙa'ida: komai faɗin babbar hanyar ruwa daga Tiga, abin da zai iso gonarka gwargwadon ƙofa mafi ƙanƙanta ne da ruwan zai bi. Kowane aiki mai matakai yana da irin wannan matsatsi, kuma gyaran da aka yi a wani wuri daban ba ya ƙara komai. Eliyahu Goldratt ya gina littafinsa The Goal na 1984 a kan wannan batu, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota kuma ya sa jira a cikin nau'o'in asara bakwai da ya lissafa a masana'anta. Littafin Taylor ya koya wa mai karatu kallon mutum ɗaya da aikinsa ɗaya, bai koya masa bin kaya daga gona zuwa buhu ba.

Jiki ba inji ba ne

Ko da za a auna lebura, da wane ma'auni? Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, na 2019 ya ce in zafi ya kai digiri 33 zuwa 34 a ma'aunin Salshiyos, mai aiki matsakaici yana rasa rabin ƙarfin aikinsa, ya kuma yi hasashen Afirka ta Yamma za ta rasa kusan kashi 5 cikin 100 na sa'o'in aiki nan da 2030 saboda zafi. A Kano kuwa watan Afrilu yana kai digiri 40, cikin rumfar kwano mai ƙura da hayaƙin inji abin ya fi haka. Daga 2021 zuwa 2024 ma azumi tsakanin Maris da Mayu ya riƙa faɗowa. Lokacin da aka auna da hantsi a cikin hunturu ba zai zama ma'aunin azahar a bazara ba.

Sai nauyi. Tun 1967 ILO ta ba da shawarar kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, a lissafinta na 1991 daga kilo 23 ta fara, shi ma in komai ya daidaita. Mu kuwa buhu mai kilo 100 ake aza wa mutum a wuya ya hau katako. Mai son gyara aikin dako da gaske, ga inda zai fara: a raba buhun biyu, a samo baro ko kura, a gina dandamali daidai tsayin bayan mota. Wannan shi ne darasin shebur da na birkila, kuma ya fi agogo amfani.

To me za a auna?

Kada ka fahimce ni a kan cewa a watsar da awo. Cewa nake a juya agogon ya kalli inji da kaya. Akwai hanya mai arha wadda wani masanin ƙididdiga, Leonard Tippett, ya fito da ita a masaƙun auduga na Ingila a tsakiyar shekarun 1930. Ba sai ka tsaya a kan kowa ba. Ka rubuta lokuta daban-daban a 'yan takardu, ka zuba a hula, kullum da safe ka zaro 20. In lokacin ya yi ka leƙa, ka rubuta abu ɗaya: inji na aiki ko yana tsaye? In yana tsaye, me ya tsayar da shi? Wuta, mai, gyara, rashin kaya, sallah, cin abinci. Kwana 20 za su ba ka leƙe 400, kuma a ƙa'idar ƙididdiga abin da ka samu ba zai kauce wa gaskiya da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, a mafi yawan lokuta. Sharaɗin shi ne ƙuri'a ta zaɓi lokacin, ba kai ba, kuma a yi na kaka daban, na bazara daban. Ka haɗa da sikeli: kilo nawa ya shiga, kilo nawa ya fito, nawa ne karyayye.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A wani gwaji da Nicholas Bloom da abokansa suka wallafa a 2013, an koya wa wasu masaƙu kusa da Mumbai a Indiya abubuwa masu sauƙi: rubuta dalilin tsayuwar kowane inji, rubuta aibin da aka gani a yadi, duba inji kafin ya lalace, tsara ɗakin ajiyar zare. A shekarar farko abin da suke samarwa gwargwadon aiki da jarin da suka zuba ya ƙaru da kashi 17 cikin 100.

Abu na biyu, wa zai riƙe littafin? A 1984 Toyota da General Motors suka sake buɗe wata masana'antar motoci a Fremont ta Kalifoniya, wadda aka rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen rigima da rashin inganci. Yawancin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. Abin da ya canza, su aka miƙa wa agogon, su auna aikinsu, su tsara shi, su gyara. Cikin ɗan lokaci ta shiga sahun gaba a masana'antun General Motors. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke gaban inji yana jin canjin ƙararsa kwana biyu kafin bel ya tsinke, mai gumi kuma da haƙori take gane shinkafa ta bushe. Amma ba za su faɗa ba in sun san sakamakon awon shi ne a zabge kuɗin buhu ko a sallami wani. Don haka a yi maganar rabo tun kafin a fara: in buhu ya ƙaru, nawa ne na wa.

Ɗalibin injiniya ya karanta littafin Taylor, gajere ne, kuma tushe ne. Ya ɗauki ɗabi'ar gwaji da gyaran kayan aiki, ya yi hattara da lambobinsa, ya bar masa raininsa ga lebura. In kuma kana da inji, ko ɗan'uwanka na da shi, a Tudun Wada ko Kiru ko Bebeji, ka gwada ƙuri'ar nan ta kwana 20 a kakar bana. Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa. Allah ya sa albarka a nema.